Itacen da ke Cikin Kasko

Markus yana tsugune gaban kaskon yana tsinke kawunan ganye da farce, salula ta fara ƙara a aljihun rigarsa. Bai ɗauka nan take ba. Ganyen itacen kasarina ba irin na mangwaro ba ne, wasu siraran zaruruwa ne kore masu gaɓa-gaɓa, kuma idan ka sa musu almakashi bakinsu bushewa yake yi ya koma ja. Sai dai ka kama da yatsu biyu ka ja daidai gaɓa, ya fita da kansa. Ya gama da wanda ke hannunsa, ya goge yatsunsa a wando, sannan ya duba. Dokas ce, matarsa, wadda ta kwana a asibiti wurin 'yarsu Priscilla.

"Ta sauka?" ya tambaya.

"Ba ta sauka ba, Baban Priscilla. Likita ta ce sai an yi mata aiki. Mijinta Nehemiya ya ƙi." Yana jin muryoyin mata suna waƙar addu'a a bayanta. "Ka zo yanzu. Ka taho da itacen nan."

"Wane itace?"

"Itace nawa gare ka?"

Ta kashe.

A duk layinsu na Kurmin Sarki babu wanda bai san itacen Markus ba. 'Yan'uwan itacen, waɗanda ke bakin titunan Abuja, sun fi bene tsawo, iska tana fito a cikinsu, su ne ake sarar rassansu a watan Disamba a ƙawata coci. Na Markus kuwa bai kai gwiwar mutum ba. Yana zaune a wani faffaɗan kasko da wata Bagwariya mai ginin tukwane ta gina masa, gindinsa ya yi kaurin wuyan hannu, ɓawonsa ya tsattsage kamar dugadugan manomi. Idan ka durƙusa ka dube shi daga ƙasa, sai ka rantse wani tsohon itace ne da kake hange daga nesa.

Sana'ar ya koya a gidan wani injiniya ɗan Japan da ya yi wa aikin lambu a Abuja tun yana saurayi. Mutumin yana da irin waɗannan ƙananan itatuwa jere a baranda, yana kiransu bonsai, yana kuma lallaɓa su fiye da yadda yake lallaɓa matarsa. Da ya tashi komawa ƙasarsu ya bar wa Markus wata 'yar filaya da wannan ciwon. Shekarar da aka haifi Priscilla, Markus ya tsinci tsiron a bakin wani kwalbati, ya dasa a gwangwanin madara. Tun daga nan yake ce masa ƙanwar Priscilla. "Je ki ba ƙanwarki ruwa," haka yake ce wa yarinyar, ta ɗauki moɗa da gudu, duk gidan haya a yi dariya. Wasa ne na uba da 'yarsa, bai taɓa zaton akwai mai ajiye shi a rai ba.

A farkon daminar bana ya yi wa itacen babban aiki. Akwai wani reshe da ya shafe shekaru yana bari ya yi kauri, don ya lanƙwasa shi ƙasa yadda rassan tsofaffin itatuwa ke sunkuyawa. Ya sayo wayar tagulla wurin masu gyaran fanka, ya gasa ta a gawayi har ta yi laushi, ya naɗe reshen da robar tayar keke, sannan ya bi da wayar, ya sunkuyar da shi a hankali yana sauraron ko zai yi ƙara. Irin wannan ɗauri ba a taɓa shi sai damina ta wuce, itacen ya saba da sabon zamansa.

Ya lulluɓe kaskon da tsohon zanen Dokas, ya fito bakin hanya ya tsayar da ɗan acaɓa. Ummaru ne, wanda ya saba kai shi coci.

"Baba, yau kuma unguwa za a kai mutumin?"

"Asibiti. Ka yi sauri, amma ka kula da ramuka."

"Shi ne ba lafiya?"

Markus ya gyara zanen a kan kaskon, Ummaru ya ja babur. An yi ruwa da asuba, hanya duk caɓi, motocin masu zuwa aiki Abuja sun cushe ta wajen Hashimi, kwandastoci suna rataye a ƙofa suna kiran fasinja. Markus ya rungume kaskon a cinya. Sau biyu Priscilla tana yin ɓari. Wannan cikin ne ya kai wata tara, shi ne kuma duk dangi biyu suka zuba wa ido, har yarinyar ta daina dariya irin tata. Tsoro ya ji, tsoro sosai.

A barandar ɗakin haihuwa ya same su. Mata biyar ko shida na ƙungiyar addu'a sun yi da'ira, a tsakiyarsu Mama Rifkatu, mahaifiyar Nehemiya, wadda ta zo daga Sabon Wuse tun jiya da Littafinta da kwalbar man zaitun. Mace ce doguwa mai murya, irin wadda idan ta ce amin sai na bayan coci ya farka. Nehemiya yana jingine da bango, takalmansa babu igiya, yana riƙe da wandonsa da hannu ɗaya don an cire masa bel.

Markus ya gane abin da ake yi. Idan naƙuda ta yi tsawo, mata sukan kwance duk wani ƙulli da ke kusa. An tsefe kitson Priscilla, matan sun saki ƙullin zannuwansu sun soke kawai, an aika gida an buɗe kowane kwaɗo. Mahaifiyarsa ma haka take yi a ƙauyensu, bai taɓa ganin laifin abin ba, tunda yana ba hannun mata aikin yi lokacin da zuciya ta rasa inda za ta sa kanta. Amma an kwance komai, ɗa bai fito ba. Sai Mama Rifkatu ta tuna da wani abu da ta gani a tsakar gidan surukanta watan jiya, a naɗe da waya tun daga gindi har kai.

Kafin kowa ya yi magana, likita ta fito. Yarinya ce ba ta fi sa'ar Priscilla ba, sunanta Sa'ida a rubuce a ƙirjin rigarta, idanunta sun yi ja don rashin barci.

"Baba, kai ne mahaifinta?"

"Ni ne, Dakta."

Ta ja shi gefe. "Kan jaririn ya fi ƙarfin ƙugunta, ba zai fito ba ko za a kai gobe. Bugun zuciyarsa yana sauka. Mahaifar ma tana iya fashewa, in ta fashe kuwa ita ma muna iya rasa ta. Ɗakin tiyata a shirye yake tun ɗazu."

"Ni ba zan iya sa hannu ba?"

"Tana cikin hayyacinta, Baba. Ta ce ba ta yarda ba sai mijinta ya yarda. Mijin ya ce sai mamarsa ta yarda. Ni kuma ba zan yanka mace a kan dole ba." Ta dubi abin da ke hannunsa a lulluɓe, ba ta tambaya ba. "In kana da wata magana da za su ji, ka yi ta yanzu."

Ya ajiye kaskon a kan siminti, ya yaye zanen. Matan suka ja da baya, wata ta kira sunan Yesu. Dokas tana bakin ƙofar ɗakin, ta ƙi yarda su haɗa ido.

"Maman Nehemiya," ya ce, "ga shi. Itace ne kawai. Ni na dasa shi, ni nake ba shi ruwa. Ki bari a yi wa yarinyar nan aiki."

"Itace ne kawai." Ta maimaita a hankali, tana juyawa wajen matan. "Baban Priscilla, wane itace ne zai yi sa'a da matar aure bai wuce gwiwa ba? Allah ya halicce shi ya yi tsawo, kai ka hana shi. Wa ya taɓa kiran itace ƙanwar 'yarsa? Da kunnena na ji ka ranar da muka kawo kaya."

"Wasa ne."

"Shekarar da ta yi ɓarin farko, ba ka fito da shi ka yanke masa saiwa ba? Matarka ce ta faɗa da bakinta. Shekarar na biyu fa?"

"Saiwar ai lokaci-lokaci ake rage ta, in ba haka ba kaskon ya yi masa kaɗan. Tun kafin ta san ɗanki nake yi."

"To ka ji," in ji ta, kamar ya ba ta gaskiya.

Markus ya ga gardama ba ta da amfani. Ya zaro filayarsa daga aljihu. "Shi ke nan. Bari in yanke wayar duka, a wuce wurin."

Ta tare shi da hannu. "Ba yanka ba. In ka yanka, ita ma yanka ta za a yi. Yadda ka naɗa da hannunka, haka za ka kwance da hannunka."

Duk wanda ya san aikin ya san ba a kwance waya daga reshe. Tagulla idan ta lanƙwasu taurarewa take yi, sai dai a bi ta da filaya a gutsuttsura, gaɓa-gaɓa, ta zube. Wanda ya ce zai warware ta, reshen zai karya. Markus ya san haka, kuma a wannan lokacin ko a jikinsa. Abin da ya tsayar da shi daban ne.

"In na kwance, sai a shiga da ita?"

"In ka kwance, za ta haihu da kanta kamar matan Ibraniyawa na cikin Littafi. A gidanmu ba a taɓa farke mace ba."

"In ba ta haihu ba fa?"

"Sai mu ci gaba da addu'a, mu jira lokacin Ubangiji."

Ya dubi Nehemiya. Yaron kirki ne, malamin firamare, yana son matarsa, hawaye ma yake yi. Amma tun da aka haife shi bai taɓa ce wa uwarsa a'a ba, ba kuma yau zai fara ba.

"Baba, abeg, don Allah," in ji Nehemiya, "ka kwance kawai. Me zai rage ka?"

Daga cikin ɗakin Markus ya jiyo muryar 'yarsa. Ba ihu ba ne, ihun ya ƙare mata tun dare. Wani nishi ne can ƙasa, mai tsawo, yana yankewa yana dawowa. A nan ya ga abin sarai. Idan ya ce itace ne kawai, za su ce ya ƙi kwancewa. Idan ya kwance, ya ba su dalilin jira, su zauna suna waƙa har mahaifar ta fashe. Gaskiyarsa ba ta da wani amfani a barandar nan.

Ya mayar da filayar aljihu. Ya miƙe tsaye, gwiwoyinsa suka yi ƙara.

"To," ya ce. "Tunda kun gano, ni na ɗaure ta."

Waƙar da wata ke yi ƙasa-ƙasa ta tsaya. Dokas ta ɗago kai.

"Ni na ɗaure ta, kuma ni kaɗai na san yadda ake kwancewa. Kun san rabi, ba ku san rabi ba. Ɗaurin nan da ƙarfe aka yi shi, sai ƙarfe ya taɓa jikinta yake sakuwa. In na warware wayar nan kafin wuƙar likita ta taɓa ta, daga ita har ɗan babu mai kai azahar." Ya juya ga surukinsa. "Ka shiga ka gaya wa matarka ta yarda. Ka sa hannu. In na ga an tura ta an rufe ƙofa, zan zauna a nan in kwance a gabanku. In ba haka ba, in ɗauki kayana in koma gida, ku yi ta addu'a."

Shi kansa ya yi mamakin yadda ƙaryar ta zo masa a shirye. Mutumin da ya shekara goma sha wani abu yana raba takardar waƙa a ƙofar coci, wanda ko maganin gargajiya na basir ba ya sha.

Nehemiya ya yo kansa, wando a hannu, har sai da mata biyu suka riƙe shi. "'Yarka ce fa. 'Yar cikinka."

"Na sani. Ka shiga."

Nehemiya ya dubi uwarsa. Ta yi ta neman maye, ga shi ta samu, mayen kuma ya zo da sharaɗi. Ta ce, "Je ka. Allah zai yi mana shari'a da shi daga baya."

Ba a daɗe ba aka turo gadon. Priscilla tana kwance, gashinta a tsefe ya baje a kan matashi, leɓunanta sun bushe sun yi fari. Markus ya matsa don ta gan shi. Ta gan shi. Ta dubi kaskon da ke ƙasa, ta sake dubansa, sannan ta juyar da fuskarta wajen bango. Nehemiya ya riga ya gaya mata dalilin da ya sa ya canza magana. Aka shige da ita, ƙofar ta rufu.

Markus ya zauna a kan simintin, ya jawo kaskon tsakanin ƙafafunsa. Ya fara da ƙananan rassa na sama, inda wayar siririya ce, tana fita ba wuya. Matan suka kewaye shi daga nesa suka ɗora waƙa, Mama Rifkatu tana yayyafa man zaitun a ƙasa tsakaninsa da su. Masu jinya daga wasu ɗakunan suka fito kallo, wani ya ɗaga salula yana ɗauka. Ya ji ana cewa, "Shi ne, da bakinsa ya faɗa."

Da ya zo kan babban reshen, ya kama bakin wayar da yatsa, ta ƙi motsi. Ya sa ƙarfi. Zagaye na farko ya fita ya tafi da ɓawo. Na biyu ya yanke shi a babban yatsa, jini ya biyo wayar, wata mata ta rufe idonta. Ya tallabe reshen da tafin hagu kamar yadda ake tallabe kan jariri, duk da ya san ba zai hana komai ba. A zagaye na huɗu ya ji ƙarar, 'yar ƙarama, kamar an karya karan dawa a cikin tsumma. Reshen ya saki jiki a hannunsa. Bai tsaya ba. Ya warware sauran, ya cire robar, ya juya kaskon ya kwance har wayar da ke riƙe da gindin ta ramukan ƙasa, don kada a ce ya ɓoye wata. Ya tara su gaba ɗaya ya tura gaban Mama Rifkatu. Ta sa ƙafa ta ture su gefe.

Daga nan sai jira. Rana ta fito ta bugi barandar, simintin ya fara tururi. Babu wanda ya zauna a bencin da ke kusa da shi. Ya yi addu'a a zuci, ya kuma san abin da yake roƙo: idan Priscilla ta rayu, maganarsa ta tabbata ke nan a wurin kowa. Ya roƙa duk da haka, bai rage ko kalma ba.

Wata nas ta leƙo ta ce, "Mace ce. Uwa da 'ya suna lafiya."

Barandar ta kaure da guɗa. Mama Rifkatu ta durƙusa ta ɗaga hannu sama tana gode wa Ubangiji da ya karya ƙullin maƙiyi, Nehemiya ya zauna a ƙasa yana kuka kamar yaro. Markus ya sa fuskarsa a tafin hannu. Daɗi ya ji har cikin ƙashinsa, bai kuma sami wanda zai gaya wa ba.

Likita ta fito tana cire hular tiyata. Ta tsaya a kansa. "Baba, ban san me ka gaya musu ba, amma mahaifar ta yi siriri kamar leda. Da an ƙara jinkiri kaɗan, da wani labarin ake yi." Ta ga yatsansa. "Ka je a wanke maka wannan." Ta wuce, ana kiranta a wani ɗakin.

Sai can Dokas ta fito. Ta tsaya ɗan nesa da shi tana gyara zanenta, ta ƙulle shi tamau yadda yake da. Markus ya miƙe.

"Kin gan ta?"

"Na gan ta. Goshinka ta ɗauko."

"Bari in leƙa, ko daga ƙofa ne."

"Nehemiya ya ce kada ka shiga. Priscilla ta farka, ita ma ta ce tukuna."

Ya gyaɗa kai. Wannan ya sa rai da shi. Ya rage murya. "Maman Priscilla, kin dai san ƙarya na yi. Kin ga yadda abin yake. In ban faɗi haka ba, da yanzu suna nan suna waƙa."

"Na sani," ta ce. "Na gane."

Mutum ɗaya ya ishe shi. Da mutum ɗaya zai iya shiga coci ranar Lahadi, ko benci zai watse.

Dokas ta waiwaya ta ga babu kowa kusa. Ta matso taku ɗaya.

"Markus."

Tun da aka haifi Priscilla ba ta kira shi da sunansa ba.

"Cikin nan biyu na farko da suka zube. Ka gaya mini tsakaninka da Allah. Ba zan faɗa wa kowa ba."

Ya dube ta. Fuskar da ya sani ce, wadda ta tsufa a gabansa, babu fushi a cikinta, babu ƙiyayya. Jira kawai take yi ta ji amsa. Ya buɗe baki, ya ga duk abin da zai ce ya riga ya faɗe shi da safe, ba a kuma yarda ba.

Ya durƙusa wurin kaskon. Reshen yana reto, amma ɓawon ƙasa bai rabu ba. Irin wannan karaya tana warkewa idan an haɗa bakin yanzu, tun bai bushe ba, aka naɗe shi da roba sosai. Ya taɓa yi, ya kuma ci nasara. Hannunsa ya kai kan robar da ke yashe a siminti, ya ɗauko, ya daidaita reshen da ɗayan hannun.

Ya ɗaga kai. Dokas ba fuskarsa take kallo ba, hannunsa take kallo, ta dafe ƙirji kamar wani sabon ɗauri zai yi.

Ya saki robar ta faɗi. Ya lulluɓe kaskon da zanen, reshen yana lilo ta gefe, ya ɗauka ya nufi ƙofar asibitin.